Neman Kolo a Takardun Malam Uwaisu

Mazan gidanmu, in aka tambaye su asalinsu, sai ka ga sun gyara zama, sun shafa gemu, sun ce, "Ai sunan kakanmu yana cikin takardun Malam Uwaisu." Mu mata kuwa sai mu sunkuyar da kai. Baƙo ya ɗauka kunya ce. To, dariya muke ɓoyewa. Bari in gaya muku dalili yadda kakata ta gaya mini, ita ma daga bakin Amsa ta ji, wadda rabin abin a tsakar gidanta ya faru.

Garinmu Gawo Bakwai yana gabas da Minjibir, inda gona take manne da gona, har in ka yi atishawa a taka maƙwabcinka zai amsa maka daga tasa. Bayan jihadi da 'yan shekaru wani malami, Malam Uwaisu, ya sauka a nan, ya gina masallaci, ya kafa zawiyar Ƙadiriyya. Shi ya fara ba mutanen wannan yanki wuridi, wato zikirin da mutum yake karɓa a hannun malaminsa ranar da ya shiga ɗariƙa. Yana da wata ɗabi'a tasa: duk wanda ya ba wuridi sai ya rubuta sunansa a fallen takarda ya jefa a gafaka. Da zai rasu ya bar wasiyya cewa limancin garin kada ya fita daga zuriyar mutum goma sha biyun da suke fallen farko, waɗanda suka kwaɓa ƙasar masallacin da ƙafafunsu.

Aka yi wajen shekara arba'in ana bin wasiyya ba gardama. Sai limamin wancan lokacin ya rasu da kaka, bai bar ɗa namiji ba. Mutum biyu suka miƙe.

Na farko Umara, mijin Amsa. Kakansa Kolo Babarbare ne, ya zo daga Borno da jakunan kanwa, ya ga ƙasa mai kyau ya kwance kaya. Umara manomi ne, da rani yana fataucin kanwa, ya kuma yi karatu daidai gwargwado. Na biyu Khalilu jikan Ja'afaru, Bafillace, gidansu gidan allo ne tun kaka da kakanni. A karatu ba wanda ya fi wani da nisa. A wasa kuwa, kun san Babarbare da Bafillace, ba sa haɗuwa su rabu lafiya.

Suka taru a zauren mai gari. Mai garin nan furfura ta gama masa kai, amma har ya mutu Ɗan'auta ake ce masa.

Khalilu ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kuma mai kanwa ne zai tsaya gabana a sallah? In ya yi ruku'u ai warin jaki ne zai cika sahu."

Umara ya ce, "Gara warin jaki da limamin da in saniya ta yi kuka a waje zai sallame a raka'a ta biyu."

Aka yi dariya. Mai gari ya bari ta lafa, sannan ya ce shi bai san kakan kowa ba. Kowa yana cewa nasa na fallen farko, to a kawo fallen, ladan ya karanta a gaban jama'a. Kuma a yi kafin watan azumi ya tsaya, don ba za a shiga asham ba liman ba.

Khalilu ya miƙe ƙafa. "Umara ya je, ya saba da hanya. In ya wahala ya ɗauko, sunan kakana ya ɗauko mini."

A gida Amsa tana ɗaura wa Umara guzuri tana cewa, "Malam, kai ka taɓa ganin sunan nan da idonka?"

"Ba sai na gani ba. Kolo babban malami ne. Kowa ya sani."

"Wane ne kowa?"

"Babana ya faɗa mini."

"To, Allah ya sa babanka ya gani."

Abin da ya wahalar da neman shi ne, takardun malaman da ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne. Da Malam Uwaisu ya rasu, magada suka raba su kamar yadda ake raba damman gero, kowa ya ɗauki nasa ya kama gabansa. Zawiyar ma haka ta rabu.

Umara ya fara da Minjibir, gidan Abdulƙadir jikan Malam. Ya tarar mutumin ya koma Tijjaniyya tun shekara goma. Ya karɓe shi hannu biyu-biyu, ya sa aka dama fura, ya zaunar da shi tun hantsi har la'asar yana ba shi tarihin zawiya: wane ya gaji wane, wane ya yi fushi ya ja almuridai bakwai ya tafi, wace shekara aka daina zikirin Alhamis a tsohon masallaci. Ya fito da nasa fallayen, duka na mutanen baya ne. Da Umara zai tashi, Abdulƙadir ya riƙe masa hannu.

"Me kake wahala da tsohuwar takarda? Zauna in ba ka namu wuridin, in rubuta ka yanzu. A gidanku kai ne za ka zama na farko."

Umara ya yi godiya ya kwance jakinsa.

Daga nan sai Shanono, kwana huɗu a hanya, wurin zuriyar ɗan Malam na biyu. Can ya tarar rabin nasu kason an ɗinke shi a layu, wasu a wuyan yara, wasu a wuyan maruƙa. Ya tsaya yana kallon wani ɗan maraƙi yana tunanin ko kakansa ne yake lilo a wuyansa. Wani dattijo ya ji tausayinsa ya ce, "Fallen farko kake nema? Ai bai zo nan ba. Ranar rabon gado maza suka zaɓi manyan littattafai masu tsabta, tsofaffin fallayen da suka yi dauɗa aka tattara wa 'yarsa Safiyatu. Tana nan da ranta, a wani ƙauye kusa da Tofa."

Umara ya juya kan jakinsa. Ta bakin wannan ƙauyen ya wuce shekaranjiya, har ya shayar da jakinsa a rijiyarsu.

Ya sami Inna Safiyatu a inuwar rumbu tana kaɗi. Ta tsufa ƙwarai, haƙoranta uku, amma ido da baki ba abin da ya taɓa su. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi sunansa da na ubansa.

Ta ajiye mazari. "Jikan Kolo? Matso in gan ka. Ai kuwa ga kunnuwan."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin saƙi, ta kwance a hankali. Fallen ya yi ja kamar ganyen taba. Umara ya yi bisimilla ya fara karantawa. Na ɗaya, na biyu, na uku. Na huɗu Ja'afaru, baƙi wuluk, kamar jiya aka rubuta. Na biyar, na shida. A layi na bakwai babu suna, sai wani ɗan rami, gefensa ya yi laushi ya yi sheƙi, kana hango tabarma ta ciki. Ya wuce ya karanta har ƙasa. Suna goma sha ɗaya da rami ɗaya. Babu Kolo.

Ya sake karantawa daga ƙasa zuwa sama, ko zai fito.

Inna Safiyatu ta ce, "Me kake nema haka?"

"Kakana, Inna. Babu shi."

"Ga shi nan kuwa ka ɗora masa yatsa."

"Wannan ai rami ne. Gara ce ta ci?"

"Gara? Mata ne suka shanye shi."

Sai ta ba shi labari. Tun Malam yana da rai, in naƙuda ta yi wa mace tsanani, sai a aiko wata tsohuwa cikin gida. A tsoma yatsa a ruwa, a taɓa sunan Kolo, a juya yatsan a ƙoƙo, a kai wa mai naƙuda ta sha. Malam ya sani, ya kau da kai. Da fallen ya zo hannunta, matan suka biyo shi har Tofa. Shekara hamsin ana taɓawa, tawada ta tafi, takardar ma ta bi ta.

"Uwarka kwana biyu ta yi a durƙushe da kai," in ji ta. "Ni na kai mata ƙoƙon da hannuna. Kai da kake yawo har Shanono kana neman kakanka, tun kana ciki ka sha rabonka."

Umara ya gyara zama. Ya ce, "Allahu akbar! Ashe malantarsa ta kai haka."

Tsohuwa ta yi dariya har ta yi tari.

"Malanta? Kolo? Ɗan nan, Fatiha ma sai Malam ya yi ta gyara masa, har ya gaji ya bar shi da Allah. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba. Shi yake cika randunan alwala, jakunansa suka ɗebo ƙasar gini. Amma ba shi matan suke nema ba. Kakarka Falta suke nema. Haihuwa goma sha ɗaya ta yi, ko ɗaya ba ta kwana tana naƙuda ba, ko ɗaya ba ta binne ba. Ta haifi babanka da hantsi, da azahar tana tankaɗe. Wace mace ce ba ta son irin wannan? To Malam ba ya rubuta mata a takardarsa, ko da sun karɓi wuridi. Da ba a sami sunanta ba, sai aka ce a taɓa na mijin, ai ɗaki ɗaya suke kwana."

Umara ya daɗe yana kallon ramin.

Can ya ce, "Inna, ki ba ni aronsa in kai wa mai gari."

"Namiji ba ya fita da shi daga gidan nan. In kana so ya je, sai dai ka ɗora mu a jaki mu biyu."

Haka aka yi. Kwana biyu yana jan akala a ƙasa, tana bisa tana gyara masa tafiya. A gidansa ta sauka, kuma kafin ta gama shan ruwa Amsa ta ji komai, har da tankaɗen.

Ranar Talata da hantsi gari ya taru a ƙofar mai gari. Mata suka cika bayan danga. Ladan ya karɓi fallen ya karanta da ƙarfi. Da ya zo kan Ja'afaru, Khalilu ya ce, "A maimaita, na baya ba su ji ba." Aka maimaita. Da ya zo layi na bakwai sai ya tsaya, ya ɗaga takardar sama, rana ta leƙo ta ramin.

Khalilu ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kakan Umara can, iska tana wucewa ta cikinsa. Malam ya ce zuriyar waɗanda ke rubuce. Bai ce zuriyar rami ba."

Mai gari ya juya wajen tsohuwa. "Inna, me za ki ce?"

Ta faɗi yadda aka yi ramin, yatsa bayan yatsa. Ta ce duk matar da ta haura sittin a garin nan a tambaye ta. Daga bayan danga muryoyi suka amsa, "Haka ne! Kolo ne!"

Mai gari ya ce, "Me ya sa nasa kaɗai?"

Umara ya kafa wa babban yatsan ƙafarsa ido.

Inna Safiyatu ta ce, "Albarkar gidansa suke nema." Ta tsuke baki. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ƙara ba.

Khalilu ya ce, "Zancen mata ne. Kakana malami ne, ya karantar da rabin garin nan. Ga sunansa garau."

"Garau kuwa," in ji ta. "Shekara hamsin takardar nan tana hannunmu, ko sau ɗaya ba a taɓa cewa in nuna Ja'afaru ba. Kai ba ɗan Sauda ba ne? Ranar da za a haife ka, a gidan Ja'afarun take durƙushe, amma Kolo ta aiko a taɓa mata."

Wayyo! Dariyar da aka yi har tsuntsaye suka tashi daga kan gawo. 

Mai gari ya dubi fallen. Ga suna a rubuce, ga rami mai shaidu. A zuciyarsa, an ce, ya fi karkata ga rubutu, don shi ne abin da zai iya nuna wa na sama da shi in an tambaya. Ya ce a ba shi zuwa Juma'a. Kuma tunda tsohuwa a gidan Umara ta sauka, fallen ba zai kwana can ba, a ajiye shi a alkukin masallaci inda ake ɗora fitila, ɗakin Allah ba na kowa ba ne. Inna Safiyatu ta yi mita, ta ce ɗakin Allah maza ne suke shigarsa. Amma ta bayar.

Kwana biyun nan Khalilu bai ji daɗinsu ba. Limanci yana hannunsa, saura a naɗa, amma in ya bi ta bakin rijiya sai mata su yi shiru, in ya wuce su fashe. Wata ma ta ɗaga murya ta ce, "A gaida jikan mai sabon suna." Mutum ne mai son kakansa da gaske. A hannunsa ya yi karatu, shi ya wanke shi da ya rasu.

Ranar Alhamis kasuwa take ci a maƙwabta, gari ya watse. Tsakanin azahar da la'asar Khalilu ya shiga masallaci shi kaɗai, ya sauko da fallen. Ba ɓata shi ya yi niyya ba. So yake gefen sunan ya ɗan koɗe kaɗan, gobe ya ce, "Ku duba da kyau, nan ma an taɓa." Ya tsoma yatsa a buta ya ɗora. Tawadar da ta shekara hamsin ba ta ga ruwa ba ta narke nan take. Ya sa gefen riga zai tsane, ta bazu. Ya hura, ya goga, ya ƙara hurawa. Kafin ladan ya zo kiran la'asar, Ja'afaru ya zama wani baƙin tabo kamar an murƙushe ƙuda.

Ranar Juma'a da safe aka sake taruwa. Ladan ya buɗe fallen, ya karanta uku, ya tsaya.

Mai gari ya ce, "Ci gaba mana."

"Ranka ya daɗe, na huɗun ma ya tafi."

Inna Safiyatu ta miƙa hannu aka ba ta. Ta kai shi kusa da ido, ta shinshina, ta shafa.

"Wannan na jiya ne. Yatsa ɗaya ne, kuma na namiji. Mace taɓawa take yi, ba ta gurzawa kamar mai wanke tukunya."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Kowa ya ƙi kallon Khalilu, wanda hannayensa suke cikin riga, kuma gefen rigar da baƙi. Shi da kansa ya fito da hannun ya ɗora a gwiwa.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Na so a ce shi ma an taɓa shi, ko sau ɗaya."

Mai gari ya daɗe yana wasa da carbi. Sannan ya ce da yana da suna ɗaya da rami ɗaya, yana ta ciwon kai. Yanzu ba suna ko ɗaya, sai ramin da gari ya yi shekara hamsin yana yi da tabon da mutum ɗaya ya yi a yini ɗaya, a kan amanar da aka ajiye a masallaci. Ya ce a kawo rawani a naɗa wa Umara.

Ana shirin naɗin Umara ya matsa kusa da tsohuwa ya yi ƙasa da murya. "Inna, maganar Falta fa? In faɗa musu?"

"An tambaye ka?"

"A'a."

"Kolo yana fallen farko ko ba ya nan?"

"Yana nan."

"To miƙa kai a naɗa maka."

Ya miƙa. Abu na farko da ya yi bayan sallah shi ne ya roƙi mai gari a ba shi Khalilu na'ibi, ya ce yana bukatar wanda zai riƙe masa jama'a in ya tafi kanwa, in dai ba a bar saniya kusa da masallaci ba. Khalilu ya ce ya karɓa, don ko ba komai sahu zai huta da warin jaki wata uku a shekara. Suka yi shekara ashirin da wani abu a haka.

Da ya shigo gida da rawaninsa, Amsa ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Liman jikan babban malami." Ya ce ta tashi ta ba shi ruwa. Watanni kaɗan bayan nan ta haifi mace, da kansa ya raɗa mata suna Falta, maza suna ta mamakin yadda ya tsallake sunan uwarsa ya ɗauko na kaka. Wannan Faltar ita ce kakata.

Inna Safiyatu ta koma Tofa da fallenta, kuma ba ta ƙara yarda ya kwana a ɗakin da maza suke shiga ba. Bayan ta rasu ya koma hannun jikarta. Matan da suke zuwa daga baya ba su san karatu ba, ba su kuma san labarin ba. In an buɗe musu takarda sai su ga wuri biyu da alamar hannu, rami da tabo. Don kada su yi kuskure, sai su taɓa duka biyun. Kakata ta ce ta ga fallen da idonta tana yarinya, kuma a lokacin Ja'afaru ma ya fara hujewa.